Shuwakar Bayan Gidan Malamai

Da kwamitin wannan mujalla ya aiko mana da takarda cewa bana ma ana son gudummawa daga sashen kimiyya, sai muka yi kwanaki muna juya abin da za mu rubuta. Ɗalibai sun saba ganinmu da alli a gaban allo, mai yiwuwa suna jiran nasiha a kan jarrabawa ko tsabtar ɗakin kwana. Muna roƙo a yi mana haƙuri. A wannan karo a kan wani ɗan itace za mu yi magana, wanda duk mai zuwa ɗiban ruwa a famfon bayan gidajen malamai ya sha wucewa ta gefensa, ko da bai kula ba. Muna nufin shuwakar nan da ta yi layi a jikin shingen gidanmu. Mu muka dasa ta da hannunmu, yau shekara 11 ke nan, kuma akwai wani nauyi da muke ɗauke da shi game da ita wanda muke so mu sauke a gaban ɗalibai da abokan aiki da 'yan'uwa na ikilisiya.

Reshen da muka fara dasawa daga ƙauyenmu ya fito, can ƙasar Zazzau, daga tsohuwar shuwakar da ke bayan ɗakin Kaka. Dashen shuwaka ba wuya. A yanko reshe mai ɗan ƙwari kamar kamu ɗaya, a soka shi a ƙasa mai laima da farkon damina, kafin a ankara ya yi toho. Ba ta mutuwa da rani in tana samun ko da ruwan wanke-wanke ne, kuma in an sare ta sai ta sake fitowa da rassa fiye da na da. Ta bayan ɗakin Kaka ta girme mu, har yau kuma tana nan, ko da yake mai ita ta daɗe da rasuwa.

A gidanmu shuwaka miya ce da fari. Sai an cuɗa ganyen a ƙwarya, ya yi kumfa, a zubar da ruwan, a sake cuɗawa, har sau uku ko huɗu, kafin a sa shi a tukunya da gyaɗa ko agushi da daddawa. Wanda bai taɓa cin tuwon dawa da ita ba, ba za mu iya kwatanta masa ba. Akwai ɗan ɗacin da ke saura, in ka kora da ruwa kuma sai ka ji wani zaƙi-zaƙi ya biyo baya a maƙogwaro. Mai jego ana yawaita mata wannan miya domin ruwan nono. In an zo yaye, ɗanyen ruwan ganyen ake shafa wa mama, yaro ya kama sau ɗaya ya saki, ya yi kukansa ya haƙura. Itacen kuwa shi ne asuwakin tsofaffi.

Ruwan farko, wannan koren nan shar da ake zubarwa in miya za a yi, shi ne maganin Kaka. In yaro ya tashi da murɗar ciki, ko jiki ya yi zafi, ko an ga alamar tsutsa, sai ta tsinko ganye, ta cuɗa da ruwa kaɗan, ta tace. A nan muke so mai karatu ya lura da kyau, gama sai da muka yi furfura a gemu muka gane abin da muke kallo a lokacin. Kaka tana da ludayi ɗaya na duma wanda ba a taɓa shi sai don wannan aiki. Yaro rabin ludayi, babba ludayi guda, safe kaɗai. Mace mai ciki ba ta samun ko ɗigo. Ba ta kuma wuce kwana uku. In an kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, sai ta ce da mahaifiyarmu, "Wannan ba na shuwaka ba ne, goya shi ku tafi disfensari." Tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma tana da mudu, tana da iyaka, ta kuma san ranar da za ta ce abin ya fi ƙarfinta.

Disfensarin mishan na da nisan tafiyar kamar awa ɗaya a ƙafa. Can kuma ƙwayar kulorokwin ke jiranmu, wadda ɗacinta ya fi na shuwaka, ba kuma wani zaƙi a bayansa sai ƙaiƙayi. 'Yan zamaninmu za su tuna da daren da ake kwana ana susa kamar an yi birgima cikin ƙaiƙayin gero. Saboda haka mu yara addu'armu kullum ita ce zazzaɓi ya sauka kafin kwana ukun Kaka su cika.

Da muka shiga kwalejin horon malamai sai muka sadu da shuwaka da wani suna, Vernonia amygdalina. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Delile ne ya rubuta ta da wannan suna a shekarar 1826. Kashin farko na sunan an ɗauko shi ne daga William Vernon, mutumin Ingila wanda a Amurka ya yi nasa tattara tsirrai. Mun sha yin dariya a kan wannan, a ce ganyen da kakanninmu suka yi ta ci tun ba a san Bature ba, sunan wani baƙo aka liƙa masa. Yanzu ma masana da yawa sun sauya mata gida, suna kiranta Gymnanthemum amygdalinum. Abokan karatunmu kuwa kowa da sunan da ya taso da shi. Bayarabe ya ce ewuro, Ibo ya ce onugbu, wani da ya yi zama a Kamaru ya ce can ndole ake ce wa miyarta, kuma ita ce miyar fita kunya in an yi baƙo.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne danginta. Masu yawan tsinkar shuwaka ba su cika ganin furenta ba, domin ba sa barinta ta kai. Amma in aka ƙyale reshe ɗaya har zuwa rani, zai fitar da tarin furanni fari-fari masu ƙamshi, ƙudan zuma su yi ta zarya a kai. In ka ɗauki abin da kake zaton fure ɗaya ne ka buɗe shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ka tarar ƙananan furanni ne da yawa suka taru a kai ɗaya, kowanne da nasa iri. In sun bushe, kowane iri yana da ɗan gashi a ka wanda iska ke ɗauka da shi. Wannan ita ce alamar babban dangin nan da ake kira Asteraceae, mai tsirrai iri-iri sama da 20,000. Latas ɗin da muke sa wa ƙuli a cikinsu yake. Furen nan mai bin rana da ake matsar mai daga 'ya'yansa, shi ma haka. Tazargaden da ake sayarwa busasshe a kasuwa, shi ma ɗan gidan ne. Tun daga lokacin, duk shekara sai mun bar reshe ɗaya ya yi fure domin darasin 'yan aji.

Akwai kuma wani labari da muka karanta bayan mun fara koyarwa, wanda muka ƙaunace shi ƙwarai, har muna jin babu ajin da ya wuce ta hannunmu bai ji shi ba. A ƙasar Tanzaniya, a duwatsun Mahale da ke bakin tafkin Tanganyika, akwai manyan birai marasa wutsiya da ake kira cimfanzi, irin waɗanda mu ma muke da su a dajin Gashaka Gumti na jihar Taraba. A watan Nuwamba na 1987 wani mai bincike Ba'amurke, Michael Huffman, wanda ke aiki da jami'ar Kyoto ta Japan, yana bin waɗannan birai tare da wani ma'aikacin daji ɗan ƙabilar Tongwe, Mohamedi Seifu Kalunde. Sai suka lura da wata macen biri da suke kira Chausiku. Ba ta cin abinci, ba ta da kuzari, sai kwanciya. Can ta lallaɓa ta je wurin wani ɗan itace, ta karyo reshe, ta zubar da ganyen, ta ɓare bawon, ta tauna farin ɓargon da ke ciki, ta tsotse ruwan ta tofar da tuƙar. Kalunde ya gaya wa abokinsa cewa wannan itace mjonso ne, mutanensa suna shan sa domin ciwon ciki da zazzaɓi da tsutsa. Kashegari birin ta miƙe ta koma cin abinci. Mjonso ɗin nan ba wani abu ba ne, shuwakarmu ce.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa birai sun fi yin haka da damina, lokacin da tsutsar hanji ke yawa, kuma an ga ƙwan tsutsa ya ragu a kashin wata bayan ta tauna. An kuma gano cewa ganye da bawo suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi, vernodalin, wanda in ya yi yawa guba ne, alhali ɓargon da birai ke zaɓa kaɗan ne a cikinsa. Mu dai wannan kashi na biyu ba mu cika tsayawa a kansa a aji ba. Abin da ke mana daɗi shi ne mu ce wa yara, "Kun gani, har dabbar daji ta san shuwaka magani ce." Sai aji ya ɗauki sowa, mu kuma mu ji kanmu ya yi girma.

Yanzu sai mu zo kan Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne. Da mahaifinmu ya rasu muna aji 2 na sakandare, shi ya ɗauki nauyin karatunmu. Shekarar da za mu shiga kwaleji bijimin nomansa ya sayar, ya koma noma da hannu damina biyu. Bai taɓa ambaton wannan ba, daga bakin Inna, matarsa, muka ji. Manomi ne, dattijon ikilisiya, mutum mai kunya da kawaici, wanda in yunwa za ta kashe shi ba zai ce a ba shi ba.

A 2019 aka gano yana da ciwon sukari. Ya yi ta rama, ga ƙishirwa, ga fita fitsari sau da yawa cikin dare. Mu muka kai shi asibiti. Aka auna jininsa da safe kafin ya ci komai, aka ce duk wanda awonsa ya kai 126 ko ya wuce a irin wannan gwaji har sau biyu, ciwon ya tabbata, nasa kuwa ya wuce nan nesa. Aka ɗora shi a kan ƙwayar metformin, safe da yamma, aka ce ya riƙa dawowa awo. Ya bi doka sosai. Jiki ya dawo, ya ci gaba da nomansa, mu kuma muka saki jiki.

A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, ba da jimawa ba darajar naira ta faɗi. Ba sai mun gaya wa kowa yadda abubuwa suka koma ba, gama kowane gida ya ji a jikinsa. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa gari ya haura, kuɗin magani a kemis ya haura, taki ma haka. Mu kanmu a nan albashi ba ya kai mu ƙarshen wata.

Da Kirsimetin wannan shekara Kawu ya zo mana. Bayan an ci an sha, da la'asar, sai ya ce mu zaga bayan gida ya ga shuwakar Kaka. Ya tsaya yana shafa ganyen. Sa'an nan ya ce, "Malam," gama haka yake kiranmu tun ranar da muka karɓo takardar shaida, rabi wasa rabi girmamawa, "kai da ka yi karatun abin, wai da gaske ne wannan tana saukar da sukari? Na ji ana ta faɗa."

Muka ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu. An gwada a jami'o'i, an tabbatar." Muka shiga ba shi labarin ɓerayen da aka ba ruwan ganyen sukarinsu ya sauka. Muka ƙara masa da labarin Chausiku, har da kwaikwayon yadda take ɓare reshe. Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah." Da zai tafi muka cika masa buhu da ganye, muka yi alkawarin aika wani ta hannun direban motar kasuwa, domin ta gida akuyoyin maƙwabta sun dame ta. Muka kuwa cika alkawari, wata bayan wata.

Babu ƙarya a cikin abin da muka gaya masa. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje masu yawa a jami'o'in ƙasar nan, an kuma ga ruwan shuwaka yana rage sukari a jinin ɓeraye. Abin da muka bari a baya shi ne, ɓera ba mutum ba ne, gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne kuma na gajeren lokaci, babu kuma wata hukumar lafiya da ta tsayar da cewa ga adadin da mai ciwon sukari zai sha a madadin ƙwayarsa. Duk mun san wannan. Akwai kuma tambaya ɗaya, mai kalmomi huɗu kacal, wadda ko ɗan aji 1 zai iya yi: "Kawu, kuna shan ƙwayarku?" Ba mu yi ta ba. Daɗin a tambaye mu mu ba da amsa ya rufe mana ido, ba mu tsaya mun yi tunanin abin da ya sa dattijo mai magani a aljihu zai zo yana tambayar ganye ba.

A watan Agusta na 2024 yana cikin gona ya taka tsinken kara. Bai ji ba. Sai da dare Inna ta ga jini a takalminsa. Aka wanke, aka ɗaure, ya koma gona kashegari, domin damina ba ta jiran kowa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara ruwa, ya fara wari, yatsu suka soma baƙi. Kawu ya hana a gaya mana, wai muna da hidimar makaranta. Sai a watan Oktoba, da zazzaɓi ya kwantar da shi har ba ya gane mutane, aka bugo mana waya.

A wani babban asibiti a Zariya, wata likita matashiya, wadda ba za ta girmi ɗalibanmu na farko ba, ta duba ƙafar ta duba awon jini. Sa'an nan ta tambayi Inna, "Mama, yaushe rabon Baba da shan maganinsa?"

Inna ta ce, "Tun bayan Kirsimeti, 'yata. Ai shuwaka yake sha, kofi guda safe da yamma. Ɗanmu Malam ne ya ce tana saukar da shi." Ta nuna mu da hannu, ba da nufin zargi ba, da alfahari ma ta faɗa, don likita ta san akwai mai ilimi a gidan.

Likitar ta dube mu. Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mana sauƙi.

Daga baya ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da mu kanmu muke koya wa yara. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, musamman a ƙafa. Shi ya sa bai ji tsinken ba, shi ya sa kuma ciwon ya kasa haɗewa. Mutum yana iya yin watanni sukarinsa na sama yana jin kamar lafiyarsa lau, sai awo kaɗai ke tona asirin. Ta ce mai yiwuwa ne shuwakar ta ɗan rage wani abu, amma ba wanda ya auna balle a sani. Bayan kwana biyu aka yanke ƙafar Kawu ta hagu, ƙasa da gwiwa.

Hausawa suna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mun sha rubuta wannan a allo domin yara. Ba mu taɓa zaton a wuyanmu za a same shi ba.

Makonnin da muka yi jinya mun yi karatun da ya kamata mu yi tun farko. A nan muka tarar da abin da ya ƙara mana kunya. Ƙwayar metformin ɗin da Kawu ya ajiye, wadda a ƙauye ake ce wa maganin Bature, ita ma jikar wani ganye ce. A Turai akwai wani tsiro, Galega officinalis, da mutanen da suke ba mai yawan fitsari. An gano lalle yana da sinadarin da ke saukar da sukari, amma yana da guba, har tumaki yana kashewa in sun ci da yawa. Masana suka yi ta gyara sinadarin shekara da shekaru, har a 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada metformin a kan masu ciwon sukari ya ga amfaninsa. Haka ma maganin zazzaɓin cizon sauro da ya maye gurbin kulorokwin a ƙasar nan tun 2005. Daga wani ɗan'uwan tazargade aka samo shi, wato ɗan dangin shuwaka. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, suka fitar da sinadarin artemisinin a 1972, har ta gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Duk da haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan a riƙa dafa ganyen a sha a matsayin maganin zazzaɓin, domin ƙarfin sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, wanda ya sha abin da bai kai ba kuma bai warke ba, ya kuma koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Ashe tsakanin ganye da ƙwaya ba gaba ba ce. Abin da ke tsakaninsu awo ne. A jikin ƙwayar Kawu an rubuta 500, kuma ta yau da ta gobe duk 500 ɗin ce. A kofin shuwaka fa?

Wannan tambaya muka kai wa 'yan aji 2 na babbar sakandare a zangon da ya wuce, za su kuma tuna. Muka tsinko ganye 20 daga shuwakar da ke kusa da famfo, wadda kullum ƙafarta cikin ruwa take, da wasu 20 daga ta ƙarshen shinge inda ƙasa ke da tsakuwa, sa'an nan 20 na toho, da 20 na tsofaffin ganye. Kowane kashi aka cuɗa shi cikin ruwa kofi ɗaya. Launinsu bai zo ɗaya ba, kumfarsu ba ɗaya ba, waɗanda suka ɗan taɓa da harshe kuma suka ce ɗacin ma ya bambanta. Wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wanne ne kofin maganin?" Muka ce mata ta zauna, ta ci makin ranar gaba ɗaya. A ranar ne kuma muka ba su labarin Chausiku har ƙarshensa, da ganyen da ta zubar da bawon da ta ɓare.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya sare shuwakar gidansa. Mu ba mu sare tamu ba. Abinci ce mai kyau, kuma muna sa rai wata rana cikin yaran nan da ke zaune a gabanmu wani zai yi mata irin aikin da aka yi wa tazargaden Sin. Roƙonmu ga ɗalibai shi ne, masu zuwa da dare suna tsinkar ganye in jiki ya yi zafi, musamman lokacin jarrabawa, mun san ku, muna jin motsinku ta taga. Ku fara zuwa wurin nas. Gwajin zazzaɓin cizon sauro ɗigon jini ɗaya ne, minti 20 bai cika ba an san amsa. Ga iyayenmu mata da dattawa masu zuwa gaishe da marasa lafiya kuma, mun san ba a zuwa hannu wofi, kowa da ganyen da zai ba da shawara a kai, kuma da ƙauna ake yi. In an gama addu'a, a daure a ƙara da tambayar nan da mu muka kasa yi. In mai ciwo ya sunkuyar da kai, to, a san maganar kuɗi ce, a kuma san abin da za a kai gaban ikilisiya. Wanda yake shan ƙwaya yana kuma son ya haɗa da ɗanyen ruwan ganye, ya gaya wa likitansa, gama haɗin yana iya saukar da sukari fiye da kima.

Sai da aka sallamo Kawu da wata guda muka iya buɗe baki muka roƙe shi gafara. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, sandunansa a jingine da bango. Muka durƙusa muka ce, "Kawu, mu muka jawo muku wannan. Ku yafe mana."

Ya yi shiru har muka zaci bai ji ba. Can ya ce, "Tashi, Malam. Ranar nan ba don in sani na tambaye ka ba. Ƙwayar ta riga ta ƙare da mako biyu. So nake wani mai ilimi ya ce mini ba komai, kai kuwa ka faɗa. Da na ce maka ba ni da kuɗin magani, da ka cire daga bakin 'ya'yanka ka ba ni, ni kuwa ban sayar da sa don in dawo in zame maka kaya ba." Wannan ne karo na farko da ya taɓa ambaton bijimin nan.

Yanzu mu da ƙannenmu muna haɗa kuɗin maganinsa duk wata kafin a taɓa komai, ba ma kuma aika kuɗin, ƙwayar muke saya mu aika. Mun saya masa ɗan injin awon sukari. Jikarsa 'yar aji 6 na firamare ita ke soka masa yatsa da safe, ta rubuta lambar a wani littafi mai bangon shuɗi da muka ba ta daga kabad ɗin sashenmu. Gonar kuwa an ba wani maƙwabci aro.

Da hutun Ista da ya wuce mun je gaishe shi. Muka duba littafin shafi shafi, ya bar mu muka gama bai ce uffan ba. Inna ta kawo tuwo da miyar shuwaka, daga ta bayan ɗakin Kaka, wadda aka yi wa sabon shinge saboda akuyoyi. Kawu ya kai loma ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi Inna ya ce, "Sau nawa kika wanke ganyen nan?" Ta ce sau huɗu. Ya ce gobe ta tsaya a uku.